Siradan Sarki Tunau

A shekara ta goma sha tara da hawan Sarki Tunau ɗan Ciwake gadon sarautar Dargaza, ana dab da faɗuwar damina, jakadan Maƙarfo ya iso ƙofar birni da mahaya goma sha ɗaya a bayansa. Gulbin Ɓaure ne ya raba ƙasashen biyu. Daga Dargaza zuwa mashigin gulbin tafiyar yini guda ce, daga mashigin zuwa Birnin Maƙarfo kuwa kwana biyar. Shekara talatin ke nan babu jakadan da ya ƙetare ruwan nan, tun yaƙin da Sarki Ciwake ya kashe Maigizo Sarkin Maƙarfo, ya kwance sirdin da ke kan dokinsa ya zo da shi gida.

Wannan sirdi shi ne mafarin abin da aka san Sarki Tunau da shi. Tun yana Ciroma yakan sa a sauko masa da shi, ya zauna yana jujjuya shi yana tambayar dukawa yadda aka yi kaza da kaza. Da ya hau mulki sai ya gina dogon soro a cikin fada, ya shiga tara sirada. Akwai na Barno masu doguwar kwacciyar baya wadda mahayi ke jingina da ita, akwai na Azbin marasa nauyi, akwai na Nufe da aka lulluɓe da tagulla, akwai guda biyu da alhazai suka sha wahalar kawowa daga Masar. Wasu ganima ce, wasu kyauta, wasu saye. Fatake sun san halinsa, duk wanda ya ga baƙon sirdi a wata ƙasa sai ya nufo Dargaza da shi. Sun haura ɗari uku, kowanne a kan gungumensa, kuma ba a taɓa ɗora ko ɗaya a bayan doki ba tun shigarsa soron.

Mai kula da su shi ne Sarkin Sirdi Mazawaje, tsoho ɗan shekara saba'in, wanda ya gaji sassaƙa wajen ubansa ya kuma koyi dukanci wajen dangin uwarsa. Kowane sirdi ya san iccensa, da ƙasar da aka yi shi, da wanda ya fara hawansa. Ba shi da wurin zama a majalisa, amma kullum da hantsi Sarki kan shiga wurinsa su daɗe.

Aka saukar da baƙi, aka kai dawakinsu barga. Siradansu kuwa aka kai wa Mazawaje, domin al'adar Dargaza ce a duba wa baƙo sirdinsa a shafa masa mai kafin ya koma. Washegari aka cika fada. Jakadan, wani dogon mutum mai sanyin murya da ake kira Barmo, ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ce:

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangidana Ƙosau ɗan Maigizo, Sarkin Maƙarfo, yana gaishe ka gaisuwar maƙwabci. Ya ce abin da ya faru tsakanin ubanka da ubansa ya riga ya faru, kuma su biyun suna gaban Mai hukunci. Amma sirdin ubansa yana hannunka, an jera shi cikin kayan kallo, baƙi na shiga ana nuna musu. Ya ce ka mayar masa da shi ta hannuna, hanya ta buɗe tsakaninmu, fatake su yi ta kai da kawo. In kuwa ka ƙi, zai zo ya ɗauka da kansa."

Sarki ya ce, "Mun ji. A kai jakada ya huta, jibi zai ji amsa."

Da aka fita da shi, Madawaki Gagarau, shugaban mayaƙan doki, ya gyara zama ya ce, "Zaki, wannan ba roƙo ba ne, zagi ne. Abin da takobin mahaifinka ya ciyo ba a mayar da shi da baki. Ka ba ni izini in ƙetare gulbi da doki ɗari bakwai, in kawo maka sirdin Ƙosau ka ajiye kusa da na ubansa."

Galadima Nomau, wanda ya fi kowa shekaru a majalisa, ya jira har Madawaki ya gama, sannan ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Ni na ga yaƙin nan da ake magana da idona, na kuma san gidajen da ba su sake cika ba tun daga ranar. Sirdi icce ne da fata. Talakawa sun share gonaki suna jiran ruwa, in aka kira su yaƙi yanzu, bana ba noma. A ba shi kayan ubansa. Ɗa ne yake neman abin mahaifinsa, kuma babu wanda zai ce Sarkin Dargaza ya yi abin kunya don ya mayar."

"Galadima ya tsufa, yana so ya mutu a kan tabarmarsa," in ji Madawaki.

"Ina so kuwa," in ji Galadima, "kuma ina so 'ya'yanka su binne ka, ba kai ka binne su ba."

Aka yi ta ja har azahar, fadawa suka rabu biyu. Sarki ya sallami kowa ya shiga gida.

Washegari da hantsi ya shiga soron sirada. Ya tarar da Mazawaje a zaune ƙasa, siradan baƙi goma sha biyu a kife a gabansa, duk ya yaye musu jalala, wato mayafin ado da ake shimfiɗawa a kai. Tsohon ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a kira Galadima da Madawaki su zo nan. Akwai abin da ban iya ɗauka in kai fada."

Aka kira su. Madawaki ya shigo yana ɓata rai don an kira shi ɗakin dukawa. Mazawaje ya ɗauki wuƙa ya ɗan kankare cikin sirdi guda, ya miƙa wa Sarki ɓawon ya ce ya shinshina.

"Ɗanye ne," in ji Sarki.

"Ɗanye ne shar, ranka ya daɗe. Wata biyu bai yi da sarewa ba. Kuma ba aduwa ba ce, ɓaure ne. Babu masassaƙin da ya san aikinsa da zai yi sirdi da ɓaure matuƙar akwai busasshiyar aduwa a garinsu. Mu nan sai icce ya shekara a inuwa kafin gizago ya taɓa shi. In an sassaƙa, a haɗa ɓangarorin da tsirkiyar ɗanyar fata, a bar ta ta bushe ta ƙame, a shafe ta da man kaɗanya har ta ƙi ruwa, sannan a lulluɓe da jemammiyar fata. Waɗannan dubi tsirkiyarsu, ko mai ba ta gani ba. Duk goma sha biyun haka suke, kuma na ga hannun mutum bakwai daban-daban a cikinsu, har da waɗanda turmi da akushi suka saba sassaƙawa."

Madawaki ya ce, "To, Maƙarfo ba su iya sirdi ba. Don wannan aka tashe ni daga gida?"

"Sun iya, Madawaki. Ga na Maigizo can, aikinsu ne, kuma a soron nan kaɗan ne suka fi shi. Abin da nake cewa shi ne, sarki ba ya aiko jakadansa ƙasar abokin gaba a kan ɗanyen sirdi sai in ba shi da busasshen da zai ba shi. Busassun an raba wa mayaƙa, ba su isa ba. Aduwa ta ƙare, aka koma ɓaure. Masu sirdi suka kasa, aka tattaro duk mai gizago. Sannan dubi faɗinsu. An matse su, ba don dawakinmu masu faɗin baya aka yi su ba, don dogayen dawakin arewa ne. Ƙosau ya sayi dawaki da yawa, fiye da abin da garinsa ya taɓa gani, kuma yana gaggawar hawansu. Ko an ba shi sirdin ubansa ko an hana, yana tafe."

Galadima ya durƙusa da kansa ya duba sirada uku, ya miƙe a hankali ya ce, "Na janye maganata ta jiya. In haka ne a shigo da mutanen ƙauye da hatsinsu, a rufe ƙofofi, a tsare ganuwa."

"A'a, mu riga shi," in ji Madawaki. "Mu tare shi a ƙofar garinsa."

Sarki ya dubi tsohon ya ce, "Sarkin Sirdi, kai da ka gano ciwon, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san yaƙi ba, sirdi na sani. Ɗanyen icce in yana bushewa murɗewa yake, ya riƙa cizon bayan doki. Tafiyar kwana biyar da mahayi da lifidi a kai, rabin dawakin nan za su iso da miki a baya. Tsirkiyar da ba ta sha mai ba kuwa, in ta jiƙe sai ta saki, sirdin ya riƙa rawa a ƙarƙashin mutum. In da ni ne, ba na rage masa tafiya ko ta yini guda, kuma ba na gamuwa da shi sai ya shiga ruwa."

Galadima ya ce, "Shamuwa ta sauka a kan rimin kasuwa tun shekaranjiya, tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin ta zo da wuri haka ba. Ruwa na kusa. In ya sauka sau biyu, mashigin Ɓaure zai kai ƙirjin doki."

Madawaki ya shafa gemu. Mutum ne mai zafin kai, amma ya san aikinsa. Ya ce, "Shawara ce mai kyau, sai dai doki ɗari bakwai ba za su tsare mashigi ba in mutumin nan ya zo da dubu biyu. Muna da dawakin da hakimai suka kawo gaisuwa, fiye da ɗari uku suna kiwo a fadama, kuma akwai mazajen da za su hau su. Sirada ne babu."

Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi gumagumai da ke jere har ƙarshen soron. Sarki ya gane abin da ake nufi. Ya taka a hankali har bango ya dawo, ya tsaya kusa da wani sirdin Masar mai kwacciyar azurfa, ya ɗora hannu a kai.

"Sarkin Sirdi, in aka tara masassaƙa da dukawa, cikin kwana goma sirdi nawa za ku yi?"

"Irin na Ƙosau, ɗari. Irin wanda zan yarda ɗan wani ya hau ya je yaƙi, ko ɗaya."

"Shekara goma sha tara nake tara su," in ji Sarki. "Akwai waɗanda in suka karye, babu mai iya yin irinsu a duniya, masu yin sun mutu."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni ma kullum da hannuna nake share su. Amma don hawa aka yi su, kuma duk cikinsu babu wanda ruwa zai sassauta."

Sarki ya ɗauke hannunsa daga kan sirdin Masar. Sannan ya ce, "A buɗe soron. Na Maigizo kuma a naɗe shi da alkyabba a ba jakada gobe, tare da bayi biyu da goro, a yi masa magana mai taushi. Ina so Ƙosau ya ɗauka tsoro muka ji, ya taho da sauri. Siradansu a mayar musu yadda suka zo, a shafe bayansu su yi ƙyalli, kada a taɓa tsirkiya."

Haka aka yi. Barmo ya karɓi sirdin yana murmushi, ya yi godiya mai tsawo, ya kama hanya. Kafin ƙurarsa ta kwanta Madawaki ya aika 'yan leƙen asiri suka bi bayansa.

Kwana uku aka yi ana rabon sirada a filin ƙofar fada. Ana kawo doki, Mazawaje ya shafa bayansa tun daga doro har ƙugu, ya faɗi sirdin da za a ɗauko, a gwada, a ɗaure majayi ta ƙarƙashin cikin dokin, mahayi ya hau ya zagaya. In bai zauna ba a sake wani. Sarki na zaune a inuwa yana kallo, kowane sirdi aka fito da shi sai ya faɗa wa wanda aka ba labarinsa: wannan na wani basaraken Barno ne da ya mutu a hanyar hajji, wancan wata sarauniyar kudu ce ta aiko wa kakansa, wannan kuma an haye shi a yaƙi huɗu ba a taɓa kayar da mai shi ba.

A rana ta biyu sirdin Masar mai azurfa ya faɗa kan dokin wani mahauci mai suna Tanko, wanda aka ɗauka don ya iya hawa. Barde, ɗan'uwan Sarki ne ta wajen uba, ya taso a fusace ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ce mahauci zai hau azurfa, ni in hau fata tsura?"

Mazawaje ya ce, "Barde, bayan dokinka ya fi wannan faɗi da yatsa uku. In na ɗora masa shi, kafin azahar zai yar da kai."

"Doki ake gwada wa, ba mai doki ba," in ji Sarki. "Kowa ya hau abin da Sarkin Sirdi ya ba shi."

Ruwa ya sauka ran kwana na shida da tafiyar jakada, ya sake sauka ran na tara. Ran na goma sha ɗaya 'yan leƙen asiri suka dawo suka ce Ƙosau ya karɓi sirdin ubansa ya aika da shi cikin gida, bai ko kwance naɗin ba, washegari ya fito da rundunar da ta kai doki dubu biyu ban da dakaru. Sarki ya bar wa Liman da dattawa tsaron gari, ya fita da Galadima da Madawaki. Mazawaje ma aka ɗora shi a kan alfadari da kayan aikinsa, don gyaran abin da ya tsinke.

Da suka isa mashigin Ɓaure, Madawaki ya jera doki ɗari bakwai a fili, nesa kaɗan da bakin ruwa, yadda za a gan su sarai daga ƙetare. Sababbin mahaya ɗari uku ya ɓoye su a bayan wani tudu ta hannun dama, ya sa Galadima a kansu, ya ce kada su motsa sai sun ji kakaki sau uku. Maharba ya baza su cikin ciyawa.

Rundunar Maƙarfo ta iso da hantsin rana ta biyu. Ƙosau ya ga ruwa ya ƙaru, ya kuma ga mutanen Dargaza kaɗan ne, bai tsaya dawaki su huta ba. Aka buga tambura, suka faɗa ruwa.

Waɗanda suka fara ƙetarewa su ne tsofaffin barade, masu tsofaffin sirada, kuma ruwan bai yi musu komai ba. Suka fito suka auka wa Madawaki da ƙarfin da bai zata ba. Hannun hagu na Dargaza ya karye, aka soki Barde a wuya ya faɗi, mutanensa suka ja da baya har kusa da inda Sarki yake tsaye. Fadawa suka ce Sarki ya koma bayan tudu, ya ƙi. Madawaki na ta kai da kawo yana tsawa, an sare shi a damtse jini na zuba, amma bai ba da umarnin kakaki ba. Idonsa na kan gulbi.

Can tsakiyar ruwa, inda mafi yawan rundunar ta cunkushe tana jiran na gaba su ba da hanya, abu ya fara lalacewa. Dawakin da suka yi kwana biyar sirdi na cizonsu, da ruwa ya shiga mikinsu sai suka fara tutsu. Tsirkiya ta jiƙe ta saki. Mahayi ya taka likkafa don ya gyara zama, sirdin ya juya da shi zuwa cikin doki. Mai lifidi in ya faɗa ruwa ba ya tashi, audugar kan sha ruwa ta danne shi. Na baya suna turowa ba su san abin da ke faruwa ba, na gaba suna neman komawa. Waɗanda suka samu suka fito gaci, da dama sun fito riƙe da gezar doki, ba mashi ba garkuwa.

Nan Madawaki ya ɗaga hannu, aka busa kakaki sau uku. Galadima ya fito daga bayan tudu da mahaya ɗari uku, suka bi gefen ruwa suka yanke tsakanin baradan da suka ƙetare da sauran rundunar. Maharba suka tashi daga ciyawa. Kafin rana ta take tsaka, baradan Maƙarfo sun ga ba mai zuwa taimakonsu, wasu suka zubar da makamai, wasu suka koma ruwa. An soke dokin Ƙosau a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kusa da gacin ƙetare. Bayinsa suka ciro shi suka aza a kan wani doki ba sirdi, suka yi yamma da shi, mutanen da suka bi shi ba su kai ɗari biyu ba.

Aka yi ta kabbara da kirari. Madawaki ya zo ya sauka ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki. Maƙarfo ba ta ƙara fitowa yaƙi a zamaninmu."

Sarki ya yi masa sannu, amma hankalinsa na ƙetare. Dokin Ƙosau na kwance a gefen ruwa, rana na haska abin da ke bayansa. Ko daga nesa ana ganin ba irin na sauran ba ne.

"A kamo mini linzami, zan ƙetare," in ji Sarki.

Galadima ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ba a gama share ciyawar can ba. A aika bayi su kwanto shi."

"Bayi za su yanke majayin da wuƙa, su ɓalle kwacciya wajen ja. Mahaifina da hannunsa ya kwance na Maigizo."

Ya shiga ruwa da dogarai takwas. Suka ƙetare lafiya. Ya sauka ya durƙusa cikin taɓo, ya sa hannu ƙarƙashin cikin mataccen dokin yana laluben ɗaurin majayi. Yana cikin haka kibiya ta fito daga cikin ciyawa ta same shi a haƙarƙari ta hagu. Wani maharbin Maƙarfo ne da ya karye a ƙafa ya kasa gudu. Dogarai suka far masa suka kashe, amma da aka zare kibiyar aka ga bakinta baƙi ƙirin da dafi.

Aka ɗauko Sarki aka dawo da shi, aka kwantar ƙarƙashin wata tsamiya. Masu magani suka tsaga wurin suka tsotse, suka ɗura masa abin da suke da shi. Jikinsa ya fara sanyi daga ƙafa. Ya ce a kira Mazawaje, a kuma kawo sirdin, don dogarai sun kwanto shi.

Tsohon ya zo ya durƙusa. Sarki ya ce da ƙaramar murya, "Duba mini. Aikin ina ne?"

Mazawaje ya goge taɓon da hannun rigarsa, ya kifa shi, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ƙwanƙwasa iccen.

"Ranka ya daɗe, ba na Maƙarfo ba ne, ba na Barno ba. Iccen ban san shi ba, daga bayan hamada ya fito. Kwacciyar gaba da ta baya daga gungume ɗaya aka fitar da su, ba haɗi. Ya fi shekara ɗari. Tun da nake ban taɓa riƙe irinsa ba."

"Na sani," in ji Sarki. "Tun daga can na gane." Ya ɗan numfasa, sannan ya nemi Galadima da Madawaki suka matso. Ya ce ɗansa Ciroma ne zai gaje shi, su riƙe shi su biyu, kada su bari gardamarsu ta raba gari. Ya ce duk wanda ya yi yaƙin yau a kan sirdin soro, sirdin ya zama nasa da 'ya'yansa, wanda ya mutu kuma a kai wa iyalinsa. Liman ba ya nan, Galadima ne ya riƙa faɗa masa kalmar shahada yana maimaitawa. Kafin la'asar ya cika.

Galadima ya hana a yi kuka da ƙarfi, ya sa aka rufe gawar da alkyabba, aka dakatar da tambura. Ana cikin shirin ɗaukarsa sai masu tsaron mashigi suka zo suka ce ga wasu mutane sun ƙetaro da farar tuta. Hakimai huɗu ne na ƙasar Maƙarfo, masu garuruwan da ke bakin gulbi. Sun ga yadda aka yi da ubangidansu, suka yanke shawarar su bi Dargaza tun ba a zo musu ba. Suka iso da rawunansu a hannu, babbansu ya ce sun zo su faɗi gaban Sarki Tunau su miƙa wuya.

Madawaki ya dubi Galadima. Galadima ya matsa gefe ya nuna musu gindin tsamiya, ya ce, "Ga shi nan. Ku yi gaisuwarku, sannan ku kama mana mu kai shi gida."